Karatun da Na Haɗa Kamar Kwantena

Abu uku na ɗora a kan sikeli a shekarar 2017, kuma na san nauyin kowanne. Na farko shekaruna, talatin da bakwai, waɗanda in aka ƙara musu shekarar share fage da shida na makarantar likita za su kai arba'in da huɗu kafin wani ya miƙo mini hannu in duba. Na biyu mutum goma sha ɗaya, yawancinsu hajiyoyin Kano da Sakkwato, waɗanda ba sa sayen takalmi a Dubai sai ta hannuna. Shekara tara na yi ina tara su ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace tana so in ta sauka daga jirgi ta same ni a shago kafin hantsi. Na uku bizata, wadda take rataye a jikin lasisin shagon, in na yi wata shida a waje ta mutu. Abin da nake so in saya da waɗannan ukun takarda ce mai shaidar cewa na karanta kemistiri da fiziks da bayoloji kwanan nan, ba shekara goma sha tara da suka wuce ba. In babu ita, babu makarantar likita da za ta buɗe ambulan ɗina.

Shagonmu yana wani lungu a unguwar Naif ta Dubai, inda in kurar kaya ta taho dole mutum ya manne da bango. Mu biyu ne a ciki, ni da wani Badamagare da ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, wanda nake kira Yaya tun ranar da muka haɗa jari. Takalmi ne a kan kantocinmu, amma abin da ke ciyar da mu haɗa kwantena ne. Hajiya za ta zo da jerin abin da take so, ni kuma na san babu shago ɗaya da ya iya komai. Silifas ɗin mata ya fi kyau a wajen wani ɗan China, jaka sai wani Ba'iraniye, takalmin makaranta kuwa sai an je sito a Al Quoz wajen wani Ba'indiye da ba ya ɗaga waya. In tsinto nan, in tsinto can, daga wuri ashirin, in tara a kwantena ɗaya in rufe, ta isa Kano kamar daga hannu ɗaya ta fito. A wajenmu wanda ya sayi komai a shago ɗaya, ko baƙo ne ko rago. Da wannan dabarar na gina gida a Funtuwa, da ita na kai mahaifiyata Makka.

Hajiyoyin nan ne suka jefa ni cikin maganar likita ba da saninsu ba. Babu wadda take zuwa da jerin kaya kaɗai. A ƙasan jaka akwai wata takardar, ta asibiti, ta gwiwa ko ta sukari ko ta wani ciwon kai da aka rasa gane kansa a gida. In mun gama saye sai ta ce, "Ɗan nan, gobe ka raka ni wajen likita. Ka san ni da Turanci sai gaisuwa." Haka na zama tafinta ba albashi. Ina son ɗakunan nan. Ka baro hayaniyar Naif da warin gam da sabuwar roba, ka shiga wuri mai sanyi inda ko agogon bango a hankali yake tafiya. In zauna tsakanin mutum biyu, magana ta bi ta kaina ta wuce. Hajiya ta ce, "Gaya masa ji nake kamar kiyashi na tafiya a tafin ƙafata," ni kuma in nemo yadda zan faɗa.

Wata rana wani tsohon likita Basudane yana duba babbar cikin hajiyoyin, wata Hajiya mai shago a Kantin Kwari wadda ita kaɗai take cika rabin kwantena. Ya ce in tambaye ta ko tana yawan jin ƙishirwa. Na tambaya, ta amsa, sai na ji bakina ya ci gaba da kansa: sau nawa take tashi fitsari, in ta ji rauni yana saurin warkewa?

Likitan ya sauke tabarau zuwa kan hanci. Ashe yana tsintar Hausa, irin ta 'yan uwanmu da suka daɗe a ƙasarsu.

"Wa ya ce ka tambayi wannan?"

"Ba kowa. Na ga nan ka nufa."

"Nan na nufa. Me ka karanta?"

"Takalmi," na ce.

Ya yi dariya har da dafa tebur. Hajiya ta ja hannun rigata. "Me yake cewa? Mutuwa zan yi yake mini dariya?"

"A'a, Hajiya, ni yake yi wa."

"To ya yi maka a waje, ni na biya kuɗin ɗakin nan."

Da za mu fita ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ce a ajinsu akwai wanda ya fara da furfura, ya kuma gama. Ya ce in nemo darussa ukun nan sababbi, sauran tsakanina da haƙurina ne.

Naif tana rufe ido da tsakar rana. Bayan azahar ake sauke ƙofofi, ba a ɗaga su sai la'asar. Yaya yakan shimfiɗa kwali a bayan kanta ya kama minshari. Ni kuwa daga ranar nan sai na koma hawa bas zuwa bakin ruwa, wajen unguwar Port Saeed a nan Dubai, inda manyan jiragen katako suke jere ana loda musu firji da tayoyi da buhunan shinkafa. In sami inuwar wani tulin kaya in zauna. Zafi yakan sa iska ta yi rawa a kan ruwa, har gine-ginen tsallake su koma kamar an zana su a jikin labule. A cikin wannan rawar nake ganin ɗakin. Ƙarami ne, a Funtuwa, da benci a waje ƙarƙashin darbejiya, da fanka ɗaya mai ƙara. Babu tafinta a ciki. Tsohuwa ta shigo ta ce kiyashi, in gane, ba sai an juya maganar ba. Wani lokacin har ina jin sanyin abin awon ƙirji a wuyana. Can sai wani ɗan dako ya ƙwala "Yalla, yalla!" a janye kayan da nake fakewa da su, in tashi in koma shago da gumi har cikin takalmi.

Mafarki daban, saye daban. Da na tashi neman wurin karatu sai na bi al'adata: zuwa da kai ya fi aike, kuma ba a gaya wa mai kaya ranar da za a zo. Wanda ya san kana tafe samfur zai nuna maka. In gaskiyar kaya kake so, ka faɗo masa a sito.

Wuri na farko wata cibiya ce a hawa na tara na wani gini a nan Port Saeed. Kafet mai laushi, furen roba, da wani mai taye da murmushi irin na dillalan fili. Yana ce mini habibi tun kafin in zauna. Ajin kemistiri ana fara shi ɗaya da rabi a tashi uku da rabi, daidai lokacin da Yaya yake minshari, kamar an auna ƙafata aka ɗinka. Na ce a nuna mini ɗakin gwaji. Ya juyo mini da kwamfuta. Ga kwalabe nan a jikin allo, ka ja wannan da yatsa ka juye a waccan, ruwan ya canza launi.

"Ba ƙuna, ba wari, habibi. Zamani ke nan."

Na roƙa a bar ni in zauna a aji na minti ashirin. Malamar wata Ba'indiya ce 'yar gajera, kuma a minti ashirin ɗin nan ta fahimtar da ni abin da malamin sakandarenmu ya yi zango guda yana dukanmu a kai. Na san kaya mai kyau in na gan shi. Na riƙe wannan a raina.

Wuri na biyu jami'a ce can bayan gari, inda gine-gine suke ƙarewa yashi ya fara. Sai ka hau jirgin ƙasa har ya gaji, sannan ka hau bas. A ƙofa na tarar da mai gadi baƙi kamata, na yi masa sallama, ya amsa da Hausar Zangon Kumasi.

"Ei, Baba, sannu da rana. Wane yaro ka kawo?"

"Kaina na kawo."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Kai ne ɗalibin?"

"In sun karɓa."

"Gemu ba ya hana ilimi, amma naka ya yi yawa kaɗan," in ji shi, ya buɗe mini ƙofa yana dariya.

A nan na ga ɗakin gwaji na gaskiya. Tun daga baranda warinsa ya tare ni, wani wari mai kaifi kamar na asibiti da aka haɗa da na ashana. Dogayen tebura masu baƙin kai, famfo a kan kowanne, fararen riguna a rataye jere a bango kamar masu su sun fita salla. Na tsaya a bakin taga na fi minti goma. Amma shekarar share fagensu tana cin safiya huɗu a mako, daga takwas zuwa biyu, watau daidai lokacin da hajiyoyi suke sauka. Na tambaya ko ana sayar da darasi ɗai-ɗai. Aka ce ana yi, ranar Asabar, ga mutanen waje, kuma bana bayoloji ne.

Wuri na uku gida ne. Ban je ba, waya na yi wa wani ɗan ajinmu da yake koyarwa a Zariya. Ya ce akwai shekarar share fage a jami'o'inmu, ta fi araha, takardarta kuma ba wanda zai yi musu da ita. Sai dai ya ce kar in riƙe kalmar shekara da ƙarfi, in aka shiga yajin aiki takan haihu. Ni kuma wata shida kawai bizata take iya jira.

Na kwana biyu ina juya su. Kowanne yana da abin da ya fi saura, kowanne yana da inda ya yage. A rana ta uku, ina ƙirga katan a sito, sai amsar ta zo mini da sauƙi har na ji kunyar daɗewar da na yi. Me ya sa zan sayi komai a shago ɗaya? Kemistiri wajen Ba'indiya da tsakar rana. Bayoloji a jami'a ranar Asabar. Fiziks kuwa na samo wata makaranta a ƙasar waje da take koyarwa ta intanet, in kalla a waya ina jiran masu lodi. Safiyata tana nan, bizata tana nan.

Na baje wa Yaya tsarin muna shan shayi.

"To, Dokta, wace lakkwal ɗin ka zaɓa?" Hausarsa da Faransanci a ciki, makaranta lakkwal yake ce mata.

"Duka."

"Taura biyu ba ta taunuwa, kai ka ɗebo uku."

"Yaya, kwantena nawa muka haɗa ni da kai?"

"Bon, da yawa. Amma waccan ƙarfe ce. Wannan kanka za ka loda." Ya kurɓi shayi ya ɗaga kafaɗa. "In dai da safe kana nan, ka karanta har na aljanu."

Shekara biyun da suka biyo baya ban san lokacin da na fi su jin daɗi ba. Garin da na yi shekara tara a ciki ya zama kamar an ɗaga masa mayafi. Warin gam ɗin da nake shaƙa kullum ashe yana da suna, da zane, da dalilin da ya sa yake tashi in zafi ya yi yawa. A Al Quoz ina zaune kan katan, kunne ɗaya yana jin malamin fiziks, ido yana kallon masu lodi suna tura kaya a kan katakon da aka jingina da bakin kwantena, abin da ake zana mini a waya shi ne a gabana da gumi. Ranar Asabar kuma in hau jirgi da sassafe, in zauna ta taga, in ga dogayen gine-gine suna fitowa daga hazo ɗaya-ɗaya kamar ana kiran sunansu.

Akwai Asabar ɗin da aka ce kowa ya huda yatsarsa. Na ɗiga jinina a kan gilashi, aka shafa, aka rina, na sa ido a madubin da yake girmama ƙananan abubuwa. Da farko hazo kawai. Na murɗa a hankali. Sai ga su, ɗaruruwa, kowane da ɗan lotso a tsakiya kamar waina a tanda, wasu sun jeru sun jingina da juna. Shekara talatin da takwas suna zagaya ni, suna bin ni Kano da Legas da Dubai, ban taɓa gaishe su ba. Na daɗe a sunkuye har yarinyar da muke raba madubin, wadda ba ta kai 'yar fari ta yayata ba, ta ce, "Ankul, akwai layi." Na ɗago ban san a wace ƙasa nake ba.

Na ci duka ukun, kuma da kyau. Ban rasa ko mutum ɗaya cikin goma sha ɗayan ba. A ƙarshen 2019 na sa takardu uku a jakar roba mai zif, na ɗauki niyyar aika su makarantu biyu, ɗaya a Sudan ɗaya a Masar. Aka ce sai an buga musu hatimi tukuna. Na je ofishin da ake yi, na ja lamba, na jira. Wata mata cikin baƙar abaya ta karɓa ta bayan gilashi, ta jera su a gabanta kamar yadda nake jera samfur.

Ta ɗora yatsa a kan ta bayoloji. "Wannan za mu buga."

Ta matsa zuwa ta kemistiri. "Wannan shaidar horo ce. Cibiyar tana da izinin horarwa, ba na ba da sakamakon karatu ba."

"Amma na yi jarabawa. Ga makin nan."

"Na gani. Mabruk, na taya ka murna." Ta ɗaga ta fiziks, ta duba gaba da baya, ta shiga kwamfuta, ta daɗe. "Wannan makarantar ba ta cikin jerinmu."

Na yi abin da na saba. Na sassauta murya, na tambaya ko akwai wata hanya, ko a buga biyu a bar ɗaya, ko in kawo wasiƙa daga malamar. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗaure fuska ba. Sannan ta turo mini takardun ta ƙarƙashin gilashi ta ce, "Halas, magana ta ƙare, ɗan'uwa," ta danna lamba ta gaba.

Duk da haka na aika. Amsar da ta fara dawowa layi uku ce. Suna son sakamako ɗaya daga makaranta ɗaya da aka sani, darussa ukun a shekara ɗaya, kowanne da gwajin da aka yi da hannu. Na buɗe shafinsu na duba. Maganar tana nan a rubuce, ba a ɓoye ba, kuma da alama ta daɗe a wurin. Mai tayen nan ma, in zan faɗi gaskiya, bai yi mini ƙarya ba. Na tambaye shi lokaci, na tambaye shi malami, na tambaye shi ɗakin gwaji. Ban tambaye shi wa yake karɓar takardarsa ba.

Hajiyar Kantin Kwari tana gari a makon. Ta same ni a shago na yi tagumi, Yaya ya ba ta labari a taƙaice yana haɗawa da Faransanci. Tana zaune tana gwada wani takalmi mai igiya, ba ta ko ɗago ba.

"Ɗan nan, ka taɓa saya mini jaka ba ka aiko mini hoto ba?"

"Ban taɓa ba, Hajiya."

"Ko launi ka canza sai ka kira ni."

"Haka ne."

"To su masu karɓar, ka kira su?"

"Ban kira ba, Hajiya."

"Ka saro kaya ba oda," ta ce. "Ba ni lamba arba'in, wannan ya matse ni."

Ban sami lokacin jin haushi sosai ba, domin bayan 'yan watanni annobar korona ta zo, aka rufe unguwarmu ruf. Jirage suka tsaya. Daga tagar ɗakina ina kallon lungun da ba a taɓa ganin ƙasansa ba saboda ƙafafu, yanzu tattabaru ne suke yawo a tsakiyarsa da hantsi, ba mai korar su. Kwana da kwanaki ina zaune da takardu ukun a kan tabarma. Wani lokacin in rufe ido in nemi ɗakin nan mai benci, in same shi yana nan, sai dai ya ƙara nisa, kamar gari da kake hangowa daga mota ba ka san ko hanyar ta bi ta cikinsa ba. Shekaruna arba'in. Na gaya wa kaina cewa mai hankali zai tsaya nan, ya ce ya sha iska, ya koyi sunan warin gam. Na kusa yarda.

Abin da na yi maimakon haka shi ne na rubuta wa makarantun biyu wasiƙa, irin wadda ya kamata in rubuta shekara uku da suka wuce. Na ambaci jami'ar bayan gari da shekarar share fagenta, na ce in na kawo wannan za ku karɓa? Ɗaya ba ta amsa ba. Ɗaya ta ce za ta karɓa, in makin ya kai. Na buga amsar a takarda na ajiye. Sannan na tambayi jami'ar ko za su yafe mini bayolojin da na riga na ci a wajensu. Suka ce shekarar dunƙule take, ba a gutsura.

Na gaya wa Yaya a bakin shago ranar da aka bari muka ɗaga ƙofa.

"Safiya huɗu," ya ce.

"Huɗu."

"Ni kuma in zama jakin lakkwal ɗinka." Ya daɗe yana kallon lungun. "Kasonka zai ragu, ka sani. Ba don ƙeta ba."

"Na sani, Yaya. Da ni ne ma haka zan yi."

"To je ka. Amma ranar da ka zama dokta, gwiwar nan tawa kyauta."

Na shiga aji da yaran da na girmi iyayen wasunsu. Wasu darussan a kwamfuta aka yi saboda annoba, amma gwaji dole ka je da kanka, da takunkumi a fuska da farar riga. Mai gadi ɗan Kumasi yana ganina ya ce, "Ei, Baba ya maimaita aji!" Kemistirin da Ba'indiya ta zuba mini bai zube ba. Ranar farko da na riƙe kwalbar gaskiya, ruwan ya juya daga fari zuwa ja mai haske a hannuna, na ji ɗuminsa ta jikin gilashi, hannuna ya san abin da zai yi tun kafin a faɗa. Yaran suka fara kawo mini littattafansu.

Sai dai akwai doka a ɗakin gwaji: waya tana zama a akwatin ƙarfe a waje. A lokacin kuwa ciniki ya koma waya. Jirage suna tashi suna tsayawa, hajiyoyi suka koyi zama a Kano su kira ta bidiyo, kai kuma ka bi shaguna kana nuna musu kaya ɗaya-ɗaya. Yaya yana ƙoƙari, amma shi mutumin kanta ne, ba ya son yawo, bai kuma iya saita waya a kan kaya ba. Na fara fitowa daga gwaji in tarar da kira biyar, kira bakwai. Wata Talata, ana saura 'yan makonni azumi, lokacin da kowa yake neman kayan salla, na buɗe akwatin na ga kira tara daga Hajiyar Kantin Kwari. Na kira ta ina tsaye a rana, farar rigar tana kafaɗata.

"Likita bokan Turai," ta ce. "An fito?"

"Hajiya, ki yi haƙuri. Yanzu zan hau bas, kafin la'asar ina Naif."

"Kar ka wahalar da kanka. Na ba yaron Sakkwaton nan na kusa da masallaci odar. Ya zagaya da ni shago goma sha biyu tun safe."

"Wannan karon kaɗai?"

"Ɗan nan, ni ba makaranta nake yi ba, kasuwa nake yi. Kai ma da kai ne ba za ka jira ni ba. Allah Ya ba da sa'a, da gaske nake. In na zo asibiti dai kai za ka raka ni, shi wancan ko sunan ciwona bai iya faɗa ba."

Na ce amin. Ba ta yi mini laifi ba. Inda ta bi kuwa wasu suka bi, domin a Kantin Kwari in babba ta juya, ƙanana sukan leƙa su ga me ta gani.

A bazarar 2021 na koma ofishin hatimi da takarda ɗaya. Ban sami matar nan ba, wani ne a wurin. Bai yi minti biyu ba ya buga ya turo mini. Bayan wata biyu makarantar Sudan ta aiko cewa akwai kujera.

Ga yadda cinikin ya tashi. Abin shekara ɗaya ya ci mini huɗu. Cikin mutum goma sha ɗaya shida suka rage, babbar kuma ba ta cikinsu. Rabin shago ya koma sulusi, shi ma Yaya ne zai riƙe, ni in riƙa leƙowa kafin wata shida ya cika don kar biza ta mutu. In Allah Ya kai rai, ina da arba'in da bakwai zan fara duba mutum. A ɗaya gefen akwai takarda guda, da kujera guda, da kemistirin da na biya sau biyu wanda yanzu ko a barci aka tashe ni zan yi shi. Na saba da kaya, na san faɗuwa in na gan ta, kuma shekara ukun nan faɗuwa ce, ba wanda ya ja mini ita sai wayona. Amma da aka tattara duka uwar kuɗi ta fita, har da ɗan abin da ya hau kai. Riba ce siririya, irin wadda ba a ba da labarinta a kasuwa. Na karɓa.